Kafin ka ce a zo a ɗura wa firij ɗinka gas

Jama'a barkanmu da war haka. Ni sana'ata gyaran firij da firiza ce, ina da ɗan shagona a nan Kano tare da yaran da muke aiki da su. Kusan kullum sai an kira ni a waya an ce "Malam firij ɗina ya daina sanyi, ka zo ka ɗura masa gas". To wallahi mafi yawan gidajen da nake zuwa gas ɗin lafiyarsa ƙalau, ƙanƙara ce kawai ta taru a inda ido ba ya gani ta toshe hanyar iska. Gas ɗin firij ba kamar gas ɗin girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare, a rufe yake cikin bututu yana zagayawa, in dai ba huda aka samu ba zai iya kai shekara da shekaru ba a taɓa shi ba.

Firij iri biyu ne a gidajenmu. Akwai wanda kana buɗe firizarsa za ka ga ƙanƙara manne a jikin bango, har da manyan firizojin nan na kwance da mata ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da su. Shi wannan ba ya narkar da ƙanƙararsa da kansa, kai ne za ka kashe shi lokaci zuwa lokaci. Sai ɗayan da ake rubuta wa No Frost a jiki, wanda cikinsa tas, iska mai sanyi kawai yake hurawa. Mutane sun ɗauka shi ba ya yin ƙanƙara sam, alhali yana yi, a ɓoye take bayan murfin roba na cikin firiza, a jikin kwayil ɗin da ke samar da sanyin. Akwai 'yar fanka a wajen da ke jan iska ta bi ta cikin kwayil ɗin, ta hura wa firiza, sannan ta tura saura ƙasa inda ake ajiye miya da kayan lambu. A ƙarƙashin kwayil ɗin kuma akwai hita. E, hita mai zafi a cikin firiza! Duk bayan wasu awanni, wani 6 wani 8 wani har 12, taima, wato ɗan agogon da ke ƙirga lokacin, za ta tsayar da kwamfiresa, injin da ke zagaya da gas ɗin, ta kunna hitar na kamar minti 20 zuwa 30, ƙanƙarar ta narke, ruwan ya bi wani ɗan rami ya sauka a tire da ke bayan firij kusa da kwamfiresa, zafin wajen ya busar da shi. Yawancin sababbin firij ba su da taima, bod (allon lantarkin da ke sarrafa firij) ne da sensa mai auna sanyi ke wannan aikin, amma tsarin dai ɗaya ne.

To ranar da hita ta ƙone, ko taima ta maƙale, ko sensa ta fara ba bod labarin ƙarya, ƙanƙara za ta yi ta taruwa babu mai narkar da ita har ta cike tsakanin kwayil ɗin gaba ɗaya. Alamar farko ita ce sama akwai sanyi amma ƙasa babu, Hajiya ta ajiye miya da daddare da safe ta tarar ta fara tsami, nama kuma a firiza yana nan da ɗan ƙarfinsa. Wani lokacin za ka ji ƙara kaf-kaf-kaf daga ciki, kana buɗe ƙofa ta yi shiru, fanka ce ke dukan ƙanƙara. In aka bar shi a haka firizar ma daga baya sai ta saki, kwamfiresa kuma ta yi ta aiki ba hutu.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida ba sai ya kira kowa ba. Ka kwashe kayan ciki, ka cire filogi daga soket, ka buɗe ƙofofin duka biyu ka shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka bar shi kwana ɗaya cur, in da hali ma biyu, don ƙanƙarar da ke bayan murfin nan ba ta narkewa da wuri ko da waje ana zafin bazara. Sai ka mayar ka kunna. In sanyi ya dawo sama da ƙasa kamar sabo, to ka kwantar da hankalinka, gas da kwamfiresa lafiya lau. In bayan sati ɗaya ko biyu matsalar ta dawo, ka tabbata cikin kayan narkar da ƙanƙara ne wani ya mutu, sai a kira mai gyara. Nan ne masu ɗura gas ke cin kasuwarsu. Mutum zai ɗauke firij ya kai shago, ya kwana biyu a kashe, ƙanƙara ta narke da kanta, ya ɗan taɓa bayan ya ce ya yi gas, ya dawo da shi yana sanyi ƙarara, kowa na sa masa albarka. Sati biyu an koma gidan jiya, ya ce ai akwai wata hudar. Wasu ma da gaske suke ƙara gas ɗin a kan wanda yake ciki, ya yi yawa ya wahalar da kwamfiresa, ko su zuba gas nau'in R134a a firij ɗin da aka yi shi don nau'in R600a. Kowane firij an rubuta irin gas ɗinsa da nauyin da yake ɗauka a takardar da ke manne a jikinsa, amma ina, wa ya tsaya karantawa. Abin nan yana ci min rai sosai, don sunan dukkanmu masu gyara yake ɓatawa.

Ni wajen maigidana na koyi kallon ƙanƙara, Allah Ya jiƙansa da rahama. Lokacin ana cikin zamanin gas ɗin R12, wanda aka daina amfani da shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illar da yake yi wa sararin samaniya, firij ɗin gwanjo kuma na shigowa daga Turai da Amurka, na Amurkan ma sai an haɗa su da taransifoma don wutarsu 110 ce tamu kuma 220 zuwa 240. Dattijon nan ba ya bari yaro ya taɓa silindar gas sai ya iya buɗe murfi ya faɗi abin da ya gani. Zai tsaya a bayanka hannunsa a baya ya ce "Yaro me kwayil ta ce maka?" In ƙanƙara ta lulluɓe ta daga sama har ƙasa, fara fat mai kauri, to gas ya wadata, narkarwa ce ta tsaya. In kuwa ɗan dunƙule ne kawai a gefe ɗaya wajen da bututu ya shigo, sauran kwayil ɗin a bushe, to nan ne za a fara zancen huda ko kwamfiresa ta yi rauni. Shi ya nuna min yadda ake sa sukundireba a murɗa taima a hankali har ta ce ƙas, kwamfiresa ta tsaya, a jira a ji ko hita za ta ɗau zafi. Shi ya nuna min cewa ɗan ƙarfen nan baimetal da ke maƙale a jikin kwayil sai yana cikin sanyi yake haɗa wuta, in ka ciro shi ya ɗumama a hannunka ka sa mita za ka ga kamar ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Yara nawa ne suka zubar da mai kyau saboda rashin sanin wannan. Har yau haka nake koya wa nawa yaran, mita a hannu, a gwada hita, a gwada fiyus, a gwada sensa ɗaya bayan ɗaya kafin a ce wa mai kaya ya sayi komai.

Sai maganar ruwa da ke taruwa a ƙarƙashin durowar kayan lambu ko ya daskare a ƙasan firiza. Wannan ramin da na ce ruwa ke bi ne ya toshe, ko da ɓawon albasa da datti ko da ƙanƙara. A nan ƙasar yawan ɗauke wuta na ƙara masa, ƙanƙara ta fara narkewa ruwan bai gama sauka ba a kawo wuta ya daskare a bakin ramin. Ruwan ɗumi a sirinji ko gorar roba da aka huda murfinta, a yi ta matsa masa har ka ji ya zuba a tiren baya, shi ke nan. Robar ƙofa ma a duba ta, ka sa takarda ka rufe ƙofar a kanta ka ja, in ta zare salin alin to iska na shiga ta nan, kuma iskar damina cike take da laima, shi ya sa ƙanƙara ta fi taruwa da damina fiye da lokacin hunturu. A wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu, in ta yage ko ta bushe a canja. Hajiyoyi masu zoɓo da kunu don Allah a bari ya huce kafin a sa, tururin nan duk ƙanƙara yake komawa. Naman layya kuma kar a danna shi har ya rufe ramukan da iska ke fitowa.

Sarar ƙanƙara da wuƙa kuwa, ina roƙonku da girman Allah a daina. Bututun da ke jikin firiza na alminiyom ne, siriri, kana sara sau ɗaya ka ji fiiis to gas ya tafi, kuma R600a da yawancin sababbin firij ke amfani da shi yana kama wuta. In ruwa ya bi hudar ya shiga ciki aikin ya ƙara girma. A kashe, a sa roba da ruwan ɗumi a ciki, ko a kunna masa fankar ɗaki, ƙanƙarar za ta saki ta faɗo da kanta. In an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take ko za a juya zuwa janareta, a ba kwamfiresa kamar minti 5 kafin a kunna.

Kayan gyara ma yanzu sai addu'a. Ka sayo taima a kwali mai kyau, ka ɗaura, wata ɗaya ta tsaya, mai kawo maka kayan kuma ya rantse maka orijina ce. Shi ya sa ni sai na gwada a shago kafin na kai gidan mutum, wani lokacin ma gara na ciro ta jikin tsohon firij na gwanjo da na san ingancinta. Mai kaya kuma ya ce ai wane ya ce zai yi a rabin kuɗin. Zai yi mana, zai yanke fiyus ɗin da ke kare hita ya haɗa wayoyin kai tsaye ya naɗe da salatif. Na buɗe firij da idona na ga robar ciki ta narke ta yi baƙi saboda irin wannan aikin, a gidan da yara ke kwana. Araha ba ta ado Alhaji. Ni ba na cire fiyus, in babu irinsa a hannu gara ka jira na samo.

In za ku kira mu, ku duba mana abu kaɗan tukuna: sama ne ba sanyi ko ƙasa, fanka na juyawa ko ta yi shiru, kwamfiresa na tashi, kuma an taɓa kashe shi ya kwana a buɗe ko ba a taɓa ba. Ku ɗauki hoton takardar da ke jikinsa ku turo ta WhatsApp don mu taho da kayan da suka dace da shi. Gida muke zuwa mu buɗe murfin a gabanku ku ga ƙanƙarar da idonku, kuma duk abin da muka cire za mu bar muku shi a hannu.