Godiya, da neman afuwar waɗanda muka tsayar a bakin ƙofa

Alhamdu lillahi. Jiya aka sallami Mama bayan kwana 23 a asibiti, 11 daga ciki a sashen kulawa ta musamman. Da ƙafarta ta taka zuwa mota, dafe da kafaɗar ƙanwata, tana yi mana faɗa wai mun cika lallaɓa ta kamar ƙwai.

Da zafin fitsari abin ya fara, irin wanda ake cewa zai wuce. Bayan kwana uku sai sambatu, numfashi sama-sama, jiki kamar garwashi amma tafin hannu sanyi ƙalau. Likitan da ya karɓe mu ya ce sefsis ne, wato martanin da jiki ke mayar wa ƙwayar cuta ne ya wuce gona da iri, kuma kafin awa ɗaya an ɗebi jini, an ɗaura ruwa, magani ya shiga jijiya. Shi da nas-nas ɗin daren nan su ne farkon waɗanda nake yi wa godiya, ko da yake wasunsu ko sunansu ban sani ba. A daren ne na karanta a waya cewa a shekarar 2017 kaɗai wannan cuta ta ci rai kusan miliyan 11, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. Kashe wayar na yi.

Sai dai akwai masu bina bashin bayani. A mako na biyu, da zazzaɓi ya sauka ta buɗe ido, da yawanku kun zo dubiya muka mayar da ku. Kawu, na san ranka ya sosu. Gwaggo, na ji kina cewa "to ba an ce ta samu sauƙi ba?" Ni ma tambayar da na yi wa likitar da ke kula da ita ke nan, kuma da yake bayoloji nake koyarwa sai na matsa mata. Ta juya bayan takardar gwaji ta yi mini zane.

Ta ce a sefsis martanin jiki ne yake kauce hanya har ya illata gaɓoɓinsa, kuma yadda ƙwayar halitta ta mutu saƙo ne ga garkuwar jiki. Akwai mai mutuwa da kururuwa. Idan ƙwayar da ke gadi ta ji cuta ta shige ta, wani sinadari mai suna gasdamin D yakan huhhuda bangonta, ta fashe, ta watso abubuwan da ke tayar da zazzaɓi su kira sauran dakaru. A 2001 aka raɗa wa wannan suna fairoftosis, daga kalmar wuta a Girkanci. Ga ɗan ƙaramin rauni, gata ne. Amma idan ko'ina ya ɗauka lokaci guda, jijiyoyi su fara yoyo, jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya. Su kuma fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil sukan amayo zaren DNA ɗinsu kamar taru don kama cuta, abin da masu bincike a birnin Balin na Jamus suka bayyana a 2004, kuma tarun nan kan sa jini ya daskare a ƙananan jijiyoyi. A nan na fahimci jakar fitsarin da na kwana biyu ina zuba wa ido, ba ta tara ko rabin kofi ba.

Ɗaya mutuwar kuma ta shiru ce, afoftosis. Ƙwayar takan tsuke, ta naɗe kayanta, wata ta zo ta haɗiye ta ba tare da an zubar da komai ba, saƙon da ke fita kuwa shi ne lafiya lau, kowa ya ajiye makami. Kullum hakan na faruwa a jikin mai lafiya. A sefsis kuwa limfosait, fararen ƙwayoyin jinin da su ne masu gane cuta su riƙe kamanninta, sukan bi wannan hanya tururuwa. Richard Hotchkiss da abokan aikinsa a Amurka sun ga haka tun 1999 a saifa da hanjin waɗanda cutar ta kashe. Likitar ta ɗora yatsa kan adadin limfosait ɗin Mama, ta ce, "Malam, gobara ta lafa, amma masu gadi sun ƙare. Murar da ba za ta hana ka zuwa aiki ba tana iya tafiya da ita."

Na ji tsoron makon farko, amma wallahi wannan maganar ta fi kaɗa mini hanji, don a ido Mama ta warke, har tana tambayar jikoki. Kuma duk da takatsantsan ɗin, a kwana na 14 sai da wata cutar ta kama mata huhu, aka sake sabon magani. Da mun bar ɗakin ya cika, ban san me zan rubuta yau ba. Likita, Allah ya saka miki da alheri da kika dage, har kika yarda a ga baƙinki a madadinmu. Kawu, Gwaggo, da duk wanda ya juya rai a ɓace, ku yafe mana.

Na gode wa baiwar Allahn da ke goge ɗakin, wadda ba ta taɓa barina na shiga ban wanke hannu ba. Na gode wa ƙanwata da ta mayar da kujera gadonta, da abokan aikina da suka riƙe mini azuzuwa ba su ko yi ƙorafi ba, da duk wanda ya sa mu a addu'a.

Yanzu an yarda a zo dubiya, amma bibbiyu, kuma a wanke hannu. Likita ta ce garkuwar jiki kan ɗauki makonni, wani sa'in watanni, kafin ta dawo daidai, saboda haka mai tari ko mura ya yi haƙuri ya kira ta waya. Mama ta ce a faɗa wa Gwaggo ita take son fara gani.