Abin da na tarar a akwatin Baba

Shagon kafinta gare ni a Gwammaja a Kano, ni da yara huɗu. Ƙofa muke yi da taga da kabad, wani lokaci mu ɗauki aikin rufi. A hannun mahaifina na koyi sana'ar, Allah ya jiƙansa, kuma da aka raba gado akwatin kayan aikinsa ne ya faɗo a rabona.

Zarto da guduma da sukwaya duk na san su. Amma can ƙasa, naɗe a tsumma, na tarar da wani abu da ban taɓa ganinsa a hannunsa ba. Mariƙi ne na katako mai duhu da nauyi, tsawon taƙi guda, an ɗaure bakinsa da tagulla. An tsaga cikinsa, wani siririn ƙarfe yana kwance a ciki kamar wuƙar aska, ƙarfen da doguwar kafa a tsakiya, bakinsa a karkace. Noti ɗaya ne ya riƙe su. Ba kaifi, ba lamba ko ɗaya. Wani yarona ya ce sukwaya ce da ta saki. Ni ma haka na ɗauka, har na yi niyyar kai ta a yi mata walda ta tsaya cak. Alhamdulillahi da ban kai ba.

Ranar da na je sayen katako a Na'ibawa na biya wurin wani dattijo, abokin aikin Baba tun suna samari. Bayan mun gaisa na miƙa masa. Ya juya shi, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai bebul ne. Na maigidanmu ne da ya yi aiki a reluwe, shi ya ba wa babanka." Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ta wannan hanya kayan aikin Ingila da yawa suka shigo hannun kafintocinmu. Ya goge ƙarfen da ɗan yatsa, sai ga hoton ganye uku da rubutun Marples, Sheffield, garin da ya yi suna wajen ƙera kayan ƙarfe.

Na ce, "Baba, to me ake aunawa da shi, ba shi da lamba?" Ya ce ba ya aunawa, ɗauka yake yi. Ya sassauta notin, ya jingina mariƙin da bango, ya buɗa ƙarfen har ya kwanta a ɗaya bangon, ya ɗaure. Ya kawo shi kan katako ya ja fensir. Kusurwar ɗakin ce ta dawo kan katakon ba ragi ba ƙari, ba tare da an san digiri nawa ba ce.

A nan na tuna asarar da na sha. Duk wanda ya yi aiki a cikin birni, Yakasai ko Jakara ko gindin Dala, ya san tsofaffin gidajen ƙasa ba su da kusurwar da ta cika digiri 90. Magini da hannu da ido ya ɗora tubali, ga yaɓe kan yaɓe shekara da shekaru. Sukwaya kuwa digiri 90 kawai ta sani. Na taɓa yi wa wata Hajiya kabad na lungu, muka kai shi, sai ga gibi a baya da hannu zai shige. Dole muka dawo da shi, katakon madaci ya tafi a banza, kuɗin daga aljihuna. A da muna yanka kwali ne muna gwadawa, kwalin ya lanƙwashe kafin mu iso shago.

Dattijon ya ƙara mini wata dabara. In katako biyu za su haɗu a lungun, a zana kusurwar a takarda, a yanke, a ninka ta gida biyu, gefe kan gefe. Layin ninkin shi ne rabi. A saita bebul a kansa, a yanka kowane katako da shi, bakinsu zai haɗu ɗas.

Na jiƙa ƙarfen da kananzir, na bi tsatsar da sanfefa mai laushi, na kauce wa wurin tambarin. Notin ya ɗan ci, sai na sa masa washa siririya, wato ɗan zoben ƙarfe, yanzu in an ɗaure ba ya motsi. Wannan shi ne abin lura ga mai sayen sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa: ya ɗaure ya gwada turawa, in ƙarfen ya gusa to ya ajiye, don kusurwar za ta canza a hanya bai sani ba.

Na saya wa yara sabo guda. Na Baba yana aljihun rigar aikina, da shi na ɗauko lungun wani ɗaki a Yakasai makon jiya, kabad ɗin ya zauna tun shigar farko.