Farautar elk a Kolorado: daga cike takarda zuwa ɗaukar nama

A jihar Kolorado ta Amurka, inda nake zaune da iyalina, wanda yake son ya harbi barewa ko elk a watan Oktoba tun farkon Afrilu yake neman izini, dusar ƙanƙara ba ta ma gama narkewa a kan duwatsu ba. Talatar farko ta watan ake rufe karɓar takardu. Elk babbar barewa ce mai ƙaho rassa-rassa, namijin yakan haura kilo 300, kuma babu jihar da ta kai Kolorado yawansu, don sun fi 280,000.

Ni jinin mafarauta ne ta wajen uwa, shi ya sa da wani dattijo abokin aikina ya ce in bi su dawa, ban yi wata-wata ba. Sai dai kafin dawa akwai aji. Duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya ci jarrabawar ilimin farauta. Bayan nan ka sayi ƙaramin lasin da zai ba ka damar shiga ƙuri'ar da ake raba lasin farauta da ita, ka biya kuɗin kan sarki na kula da mazaunin namun daji, sannan ka zauna da littafin dokoki na shekarar. An yanka jihar shiyya-shiyya, kowace da lambarta, kuma takardarka za ta faɗi shiyyar, da jinsin dabbar, da makamin, da ranakun. Masu kwari da baka suna da Satumba, masu bindigar ɗuri irin ta adaka suna da 'yan kwanaki a tsakiyar watan, masu bindigar zamani kuma an raba musu zango huɗu tsakanin Oktoba da Nuwamba.

Abu na farko da dattijon ya koya mini shi ne in nemi mace. Kowa idonsa na kan namiji mai ƙaho, akwai ma shiyyoyin da mutum zai shekara ashirin yana tara maki kafin ƙuri'a ta faɗo kansa, don duk shekarar da ka rasa zaɓinka na farko maki ɗaya ake ƙara maka. Ni kuwa nama nake so a gida. Lasin mace ya fi sauƙin samu, kuma da shi hukumar namun daji take ƙara garke ko ta rage shi, tunda mata ne ke haihuwa.

Ban gane zurfin wannan magana ba sai a 2023. Hunturun da ya gabace ta ya yi tsanani a arewa maso yammacin jihar, wajen Craig da Meeker. Ƙanƙara ta binne ciyawa wata da watanni, dabbobi suka yi ta mutuwa da yunwa, 'ya'yansu suka fi shan wahala. Ma'aikatan hukumar suna shawagi da jirgi mai saukar ungulu lokacin sanyi suna ƙirga 'ya'ya nawa da maza nawa ke cikin kowace mace ɗari, wasu dabbobin kuma an ɗaura musu na'ura a wuya da ke sanar da mutuwarsu. Da lissafin ya fito, aka zaftare lasin mata a yankin ƙwarai, aka rage kwanakin farautar maza. Na rasa ƙuri'a a shekarar, kuma ya yi mini ciwo don na riga na ɗauki hutu a wurin aiki. Masu masaukai da masu yi wa baƙi jagora a waɗannan garuruwa sun fi ni jin jiki, abincinsu ne aka taɓa. Duk da haka ina ganin hukuncin ya yi daidai. Garken da yunwa ta ci rabin ƙarfinsa ba ya buƙatar harsashi a kan uwayensa.

Da ƙuri'a ta faɗo mini daga baya, sai na tarar dokokin dawa sun fi na ofis yawa. Dole ka sa riga da hula ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, aƙalla inci murabba'i 500, don ɗan'uwanka ya hango ka daga nesa. Elk ba ta rarrabe wannan launi yadda muke yi. Ba a harbi sai rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Kuma sai ka san iyakar ƙasar gwamnati da gonar wani, don shiga filin mutum ba izini laifi ne ko da dabbar da ka harba ce ta faɗi a ciki. Ga tsayin duwatsun, kusan mita 3,000 sama da teku, inda numfashi ke yanke wa mutum bayan 'yan takawa.

Da na samu tawa dabbar, na ambaci sunan Allah kafin in ja kunama, na kuma isa gare ta da wuƙa da sauran rai, na yanka. Abokan tafiyata ba Musulmi ba ne, amma sun ja baya sun ba ni wuri. Nan take na sa hannu a takardar da ke jikin lasin, na rubuta rana, na ɗaura ta a jikin naman. Doka ta ce a bar alamar jinsi a manne, sai muka bar ɓangaren hantsa a jikin cinya ɗaya. Ta kuma hana almubazzaranci: cinya biyu, karfata biyu, naman gadon baya da na ƙarƙashinsa, duk sai ka fito da su. Mota ba ta zuwa wurin. A baya muka yi ta goyon nama cikin jaka muna gangarowa har dare ya raba, kuma wannan ɗaukar ta fi harbin wuya nesa ba kusa ba. Wanda bai da ƙarfin ɗauka ko abokan taya shi, gara ya yi harbinsa kusa da hanya.

Na kira kawuna a waya na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, wato har ƙirga su ake yi?" Na ce, "Ana yi, Kawu, kowace shekara." Ya ce da ƙuruciyarsa gwanki da mariya suna zuwa har bayan gari, yanzu ko gada sai an yi kwanaki. Na gaya masa nan ma an taɓa kaiwa wannan hali. Wajen 1910 elk ɗin da suka rage a Kolorado ba su wuce dubu ɗaya ba, saboda masu harbi don sayar da nama, har sai da aka kawo wasu daga jihar Wayomin a 1916. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin kashi 11 cikin ɗari na bindigogin farauta da harsasai yake komawa jihohi don kula da namun daji. Kuɗin lasin ma can yake tafiya, kuma baƙon da ya zo daga wata jiha yana biyan fiye da ninki goma na abin da mazauni ke biya.

Akwai abin da nake tsoro, wato cutar da ke rame barewa tana lalata mata ƙwaƙwalwa, wadda aka fara gani a 1967 kusa da garin Fort Collins. Ba ta da magani, kuma dabba na iya ɗauke da ita tana kiwo lafiya lau. A wasu shiyyoyi wajibi ne ka kai kan abin da ka harba a gwada. Ni ko ba a wajabta ba ina kaiwa, naman ya zauna a firiza da alama a jikinsa, ba mai taɓawa sai sakamako ya fito.

Bayan an rufe farauta, hukumar takan tuntuɓi wasu mafarauta ta waya ko imel: ka fita, a wace shiyya, ka samu ko ba ka samu ba? Wasu suna share saƙon. Ni ina amsawa ko da hannu wofi na dawo, domin da amsoshin nan, haɗe da ƙirgar jirgin sama, ake yanke adadin lasin da za a fitar a watan Mayu.