To me aka sace mata?

Laraba. Babu wuta tun asuba, da gawayi na goge farar rigata. Na isa Babbar Kotun Tarayya da wuri, lauyan ɗaya ɓangaren bai zo ba, aka ɗage. Shi ke nan, safiya ta tafi.

Bayan azahar Hajiya mai humra ta zo ofis da kwalabe biyu a leda. Takarda kore iri ɗaya, suna ɗaya, harafi guda kawai aka sauya. Ɗaya tata ce, ɗayar wata ce ke tallarta a TikTok, ga araha. Ta ce, "Barista, ai na yi rajista da CAC tun tuni." Na ce Hajiya, CAC hukumar rajistar kamfanoni ce, sunan sana'a kika yi wa rajista. Tambarin kaya rajistarsa daban, a Abuja ake yi, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, shekara 7 da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Tunda ba ta yi ba, sai dai mu kai ƙarar sojan gona, ta tattaro rasit da saƙonnin masu ƙorafin sun sayi jabu. Jikinta ya yi sanyi. Kwalaben ma a teburina ta manta su.

Da magariba na biya Ƙofar Ƙaura gaida Kawu, bakina ya ja ni na ba shi labari. Ya gyara zama a tabarma ya ce, "To wai ni, me aka sace mata? Kwalbarta na nan, turarenta na nan."

Na ce suna, Kawu.

Dariya har da tari. Wai 'yan ajinmu suna can suna shari'ar filaye da gado, ni ina bin suna a waya. Don in kare kaina na ce ko sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, marigayi Buhari ne ya sa mata hannu a Maris 2023. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya miƙo min goro.

Abin ya tsaya min a rai. Sai da na kwanta na tuna: wannan Kawun ne fa ya daina gaisawa da tsohon yaron shagonsa, don ya kafa tebur a gefensa yana ce wa mutane kilishin gidan Kawu ne. Ga amsa a hannuna, na tsaya kawo masa doka.

Har yanzu yatsuna ƙamshin humra suke, ban ma san ta wace kwalbar ba ce.