Agogon masallaci da inuwar sanda: wanne ke gyara wanne?

A ƙasar Hausa, alkawari ya fi yawan rataya a kan salla. Ɗaurin aure bayan Juma'a, taron unguwa bayan isha'i, mai bin bashi kuma ya ce zai dawo da la'asar. Ko wanda ke ɗaure da agogo a hannu, in ka ce masa ƙarfe huɗu, sai ya tambaye ka kafin salla ne ko bayanta. Hantsi, walaha, la'asar sakaliya da almuru duk rana ce ke yanka su. To, ga inda rikicin yake: rana tana bin gari gari, shi kuwa agogo lokaci guda yake bugawa daga wannan iyakar ƙasa zuwa waccan.

Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk agogonsu ɗaya, awa ɗaya gaba da Ghana. An ɗora wannan lokaci ne a kan layin digiri 15 gabas, kuma kowane digiri ɗaya minti huɗu ne a tafiyar rana. Maiduguri tana wajen digiri 13, Kano takwas da rabi, Sakkwato biyar da 'yan kai. Saboda haka rana tana yin tsaka a Maiduguri kusan rabin awa kafin ta yi a Sakkwato, alhali agogunan garuruwan biyu abu ɗaya suke nunawa. Wanda ya ɗauki kalandar salla ta Kano ya rataya a Sakkwato ya gaggauta da kusan minti 13. Da azahar ba lallai a lura ba, tunda ba kasafai ake tayar da ita a farkon lokaci ba. Da azumi kuwa, minti 13 kafin faɗuwar rana ba abin wasa ba ne. A yankinmu, tafiyar kilomita 27 zuwa yamma tana jinkirta rana da kusan minti ɗaya, don haka ƙauyen da ke nesa da birni shi ma yana da nasa lissafin.

Ko a gari guda ma zawali, wato lokacin da rana ke gotawa daga tsaka, ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Kano yakan faɗo wajen ƙarfe 12:10 a farkon Nuwamba, ya ja har wajen 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Ladanin da ya haddace lokaci ɗaya yana amfani da shi shekara ta zagayo, dole wani watan ya yi sauri, wani watan ya makara.

Auna zawali ba ya buƙatar komai sai miƙaƙƙiyar sanda da fili mai shimfiɗa, daɓen siminti ya fi. A kafa sandar yadda mita ɗaya cif zai fito sama da ƙasa. A ɗaura ɗan dutse a zare a sake shi kusa da ita, a gani ko ta miƙe da gaske, don ido yana ruɗi. Daga ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, a riƙa sa alama da gawayi a ƙarshen inuwar duk bayan minti biyar, ana rubuta lokacin. Inuwar za ta yi ta gajarta, ta ɗan tsaya kamar ba ta motsi, sannan ta fara ƙaruwa ta ɓangaren gabas. Wannan mafi gajartar ita ce inuwar zawali, kuma da ta fara ƙaruwa azahar ta shiga.

Wajen la'asar ne mutane suka fi yin kuskure. A mazhabar Malikiyya lokacinta yana shiga idan inuwa ta kai tsawon abin, bayan an ƙara inuwar zawali a kai. Wannan ƙarin ne ake mantawa. A Kano cikin Disamba, sanda mai mita ɗaya tana da inuwar zawali wajen santimita 71, tana kallon arewa, ke nan la'asar sai inuwa ta kai santimita 171. A watan Yuni inuwar zawalin wajen santimita 20 ce kawai, kuma kudu take kallo. A ƙarshe-ƙarshen Afrilu da na Agusta kuwa kusan ɓacewa take yi a gindin sandar, domin rana na bisa kai sosai. Malaman da can da ƙafa suke wannan awo: mutum ya tsaya ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya, ya auna da tafin ƙafarsa, ana lissafa tsawonsa taku bakwai. Hanya ce mai kyau, sai dai sanda ta fi, don ba ta karkata wuya. Ranar da hazo ya yi kauri a bar awon, bakin inuwar ba ya fita sosai.

Shi kansa agogon bango mai batir ba kasafai yake ƙarya ba. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutse da ke kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, kuma lafiyayyen inji bai kamata ya kauce da fiye da minti ɗaya a wata ba. In ya fara jan ƙafa, a duba batir tukuna. Alamar raunin batir sananniya ce: hannun daƙiƙa ya iso wajen lamba takwas ko tara, inda hawa yake, ya tsaya yana rawa. A sa sabon batir AA mai ƙarfin volt 1.5. In tsohon ya yi yoyo ya bar farin gari ko tsatsa a jikin ƙarfen, a kankare da takardar yashi har ya yi haske, in ba haka ba sabon batirin ma ba zai yi aiki ba.

In kullum a lokaci ɗaya yake tsayawa, hannayen ne ke gogar juna ko gilashi. A cire gilashin a ɗan ɗaga na saman da yatsa a hankali. Wajen saiti, a juya 'yar ƙafar da ke bayan injin, kada a tura hannayen ta gaba, don haƙoran ciki na roba ne. Kada kuma a ɗiga masa mai. Mai da ƙurar hunturu in suka haɗu laka suke zama. Injin da ya mutu canza shi ake yi gaba ɗaya, amma a tafi da tsohon wurin mai gyaran agogo, saboda tsawon wuyan da ke ratsa fuskar agogon ya bambanta, kuma tsofaffin hannaye ba kowane inji suke shiga ba.

Masu dogara da manhajar salla ta waya su leƙa saiti. A tabbatar garin da mutum yake ta ɗauka, sannan lissafin la'asar kada ya kasance a kan Hanafiyya, domin su sai inuwa ta ninka tsawon abin sau biyu, wanda ke jinkirta kiran da kusan awa guda.