Su Wa Ke Rubuta Manhajar da Muke Koyarwa?

Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san manhaja ba daga sama take faɗowa ba. Mutane ne ke zama su tsara ta, kowa da buƙatar da ta kai shi. Ni a ƙaramar sakandare nake koyarwa a Daura, kuma aikin ya saba mini da tambayar ko wane ne ya so a sa wannan darasi, kuma don me.

Turawan da suka kafa Kwalejin Katsina a 1921 malamai da ma'aikatan En'e suke nema, shi ya sa suka ba Turanci da lissafi ƙarfi. Bayan 'yancin kai aka yi taron manhaja na ƙasa a Legas a 1969, wanda ya haifi manufar ilimi ta 1977 da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. Niyyar mai kyau ce: yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare da sana'a a hannunsa. Aka sayo injuna daga waje, amma makarantu da yawa ba lantarki, ba malamin da ya iya su, har suka yi tsatsa cikin akwatunansu. Yau hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ce ke aikin tsara manhaja daga Sheda, kusa da Abuja.

Sai dai abin da aji ya koya mini shi ne jarrabawa ta fi kowace hukuma ƙarfi. Kana tsakiyar bayani sai yaro ya ɗaga hannu: "Malam, wannan zai fito?" In ka ce a'a, nan take biro ya koma aljihu. Ba na ganin laifinsa, domin WAEC da NECO ke jiransa a gaba, mu ma da sakamakonsa ake auna mu.

Cire Tarihi da aka yi wajen 2009 ya yi mini ciwo ƙwarai. Aka cusa ɓurɓushinsa cikin Soshiyal. A garin Magajiya Daurama, yaro na wuce rijiyar Kusugu kullum, amma labarin Bayajidda sai a bakin kakarsa. An dawo da darasin daga baya, sai dai malaman da suka karanci fannin sun yi ƙaranci.

Akwai kuma gida, wanda masu tsarawa ba su cika lissafawa da shi ba. Yaro yakan zo mana da izu biyar a ka daga makarantar allo, ya iya hadda, ya iya zama gaban malami, amma manhaja ta ɗauke shi kamar bai taɓa koyon komai ba. Manufar 1977 ta ce a fara koyar da yara da harshen uwa, ga shi iyaye Turanci suke so. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Malam, ni dai ya ji Turanci ya samu aiki." Na ce, "Baba, zai ji, amma sai ya fara gane abin da ake faɗa masa."

Shi ya sa a farkon kowane zango, in na zauna rarraba darussa mako-mako, nakan ware rana guda mu taka zuwa Kusugu, in sa kowane yaro ya rubuto abin da tsofaffin gidansu suka gaya masa, da Hausa tukuna, sannan da Turanci.