Kurmi a Cikin Ƙubba: Ziyararmu zuwa Eden Project

Daga tashar Paddington ta Landan muka hau jirgin ƙasa, ni da iyalina, tafiyar kusan awa 4 zuwa garin St Austell da ke yankin Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila. Daga tashar sai bas ko tasi zuwa Bodelva, inda Eden Project yake, wato lambun da aka raya kurmi a cikin ƙubbobi. Tikitin shiga tun a gida muka yanke ta intanet, saboda lokacin hutun makarantu wurin cika yake yi.

Sai da muka zo bakin ramin da lambun yake ciki sannan muka ga komai: ƙubbobi manya manne da juna kamar kumfar sabulu, zaune a ƙasan rami mai zurfin kusan mita 60. Tsohon wurin haƙar farar ƙasa ce ta yin tangaran. Tim Smit ne ya jagoranci mayar da shi lambu, ofishin mai zanen gine-gine Nicholas Grimshaw ya zana ginin, aka buɗe a watan Maris na 2001. Ramin ba shi da ƙasar noma ko kaɗan, haɗa ta aka yi daga tarkacen ma'adinan da takin ganye da ɓawon itace, fiye da tan 80,000.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne rufin. Ba gilashi ba ne. Wata leda ce mai ƙarfi da ake kira ETFE, shimfiɗa uku a kan juna, an liƙe gefunanta an hura iska a tsakani kamar matashin kai, aka ɗaura kowanne a firam ɗin ƙarfe, akasari mai kusurwa shida. Mafi girmansu ya kai mita 11 a faɗi. Iskar da ke tsakani ita ke riƙe ɗumi, kuma injuna na ta ƙara ta don kada ledar ta saki. Nauyinta bai kai kashi 1 cikin 100 na gilashi mai girmanta ba, shi ya sa ƙubbar ta tsaya ba ginshiƙi ko ɗaya a ciki. A kula, ledar ba ta tare hasken ranar nan mai ƙona fata, don haka hular yaro ta zauna a kansa.

Ƙubbar kurmi muka fara shiga, kuma ita nake ba kowa shawarar ya fara da safe. Tsawonta wajen mita 200, tsayinta ya haura mita 50, zafin ciki yana kaiwa maki 35. Bahaushe zai ce ai wannan ba komai ba ne wurin wanda ya sha bazara. To, ba irinsa ba ne. Namu busasshe ne, gumi na fitowa iska ta ɗauke. Nan kuwa iskar cike take da laima kamar Fatakwal a tsakiyar damina, gumin ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Da shigarmu tabarau da gilashin kyamara suka yi raɓa, domin sun fito daga sanyi. Kada a goge da riga, a ba su minti 10 zuwa 15 su ɗauki ɗumin wurin, za su washe da kansu.

Hanyar ciki hawa take yi a hankali, kuma iska mai zafi sama take taruwa. Nan ne yara ke galabaita, musamman waɗanda aka shigo da su cikin rigar sanyi. A tuɓe musu ita tun a ƙofa, kowa da gorar ruwansa. Akwai ɗan ɗaki mai sanyi a kan hanya don wanda jiri ya fara ɗiba. Dandalin kallo na can ƙololuwa kan rufe idan zafi ya yi yawa, wani dalilin ke nan na yin sammako.

An kasa kurmin zuwa yankuna: tsibiran wurare masu zafi, kudu maso gabashin Asiya, Afirka ta Yamma da Amurka ta Kudu. Ga ayaba da nononta rataye, ga rake, ga kwakwar manja, ga itacen roba da na gahawa. A gindin koko muka fi daɗewa. Furanninsa ƙanana ne, ba su kai farce ba, kuma daga jikin kututture suke fitowa kai tsaye, nan 'ya'yan ke girma su rataya. Yaran da suka san cakulan a leda kawai sun tsaya suna ƙirga su. A ƙarƙashin ganyaye kuma wasu 'yan tsuntsaye dangin makwarwa, namijin da jan tukku, suna tonon ƙasa dab da ƙafafun mutane.

Ƙubba ta biyu, ta yanayin Bahar Rum, ta fi ƙanƙanta, tsayinta mita 35, iskarta a bushe. Zaitun, inabi, lemo, da tsirran Afirka ta Kudu da Kalifoniya. Minti 40 ya ishe mu.

A ware awa 4 aƙalla, a kuma rage ƙarfi don komawa, domin gangarar da aka sauko da safe ita za a haura da yamma, sau da yawa da yaro a kafaɗa.